Shatar Kanta daga Bauchi zuwa Gombe: yaya ake loda kayan gida a isa lafiya?

Malamin Kwaleji, Fadamar Mada:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa da iyaye waɗanda suka san harkar motocin ɗaukar kaya. An yi mini canjin wurin aiki daga Bauchi zuwa Gombe, na kuma samu gidan haya a Pantami, kuma mai gidan da nake ciki yanzu yana son makullinsa a ƙarshen wannan wata. Na yi cinikin shatar Kanta mai buɗaɗɗen bodi, amma direban ya gaya mini tun farko cewa nasa tuƙi ne kawai, lodi namu ne, sai dai yaron motarsa zai taimaka da ɗauri. Waɗanda za su taya ni su ne ƙannena biyu da wasu samarin unguwa, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa loda babbar mota.

Kayan sun haɗa da gadaje biyu da katifunsu, da wadirob mai madubi, da kujerun falo, da firji dogo da firiza, da talabijin, da keken ɗinkin maiɗakina, da kwanuka da tangaran da tukwane, da kwalayen littattafaina waɗanda ba su da kaɗan. Akwai janareta ƙarami, da tukunyar gas mai kilo 12.5 wadda ba ta daɗe da cikawa ba, da farantan sola huɗu da manyan batura biyu da inbata, da babur. A ɓangaren abinci kuma akwai buhu huɗu na masara da aka aiko mini daga gona, da buhu biyu na shinkafa, da jarkar manja.

Abin da nake son sani shi ne, wanne ake fara sawa, wanne ne na ƙarshe, kuma yaya ake ɗaurewa don kada kaya su watse a hanya? Firjin ya fi bangon bodin tsayi, shin za a iya kwantar da shi? Ɗaya daga cikin ƙannena ya ba da shawarar cewa shi da samari biyu su zauna a saman kayan domin su riƙa lura da su, su kuma taya saukewa idan an isa, kuma hakan zai rage mini kuɗin mota, amma zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Ga shi muna tsakiyar damina. Duk wanda ya san wani abu ya taimaka mini da shi, Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Direba, Bauchi:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa canjin ya zama alheri. Zan fara da maganar ƙaninka, domin ita ce ta shafi rai, sauran kuwa dukiya ce. Kada ka yarda kowa ya hau saman kaya, ko da tafiyar cikin gari ce, balle Bauchi zuwa Gombe mai nisan kilomita 150 da 'yan kai. Mutumin da ke zaune a kan lodi ba shi da abin riƙewa sai igiyar da aka ɗaure kayan da ita, kuma idan direba ya taka birki da ƙarfi, ko ya kauce wa rami, ko taya ta fashe, shi ne farkon abin da zai bar motar. Ba zai iya tare wadirob da hannu ba idan ta taso, sai dai ta danne shi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana yaƙi da haɗa mutane da kaya a mota ɗaya, kuma jami'anta suna da hurumin tsayar da ku a kan hakan. Kai kaɗai, ko kai da mutum ɗaya, ku zauna a gaba tare da direba gwargwadon kujerun da ke akwai. Iyali da samari su shiga motar haya daga tasha, za ma su riga ku isa su share gida.

Abu na biyu, kada ka biya kuɗi sai ka ga motar da idonka da rana. Ka hau bodin ka taka ko'ina, ka duba ko akwai katakon da ya ruɓe, ko ƙusa da ta fito, ko ragowar taki da siminti da man da aka ɗauko a baya, domin irin waɗannan motoci ba sa zaɓen kaya, jiya awaki yau katifa. Ka duba ƙugiyoyin da ke gefe inda ake ɗaura igiya, ka ja su ka ji ko suna da ƙarfi, ka kuma tabbatar ƙofar baya tana kulluwa da sakatarta, ba da waya aka ɗaure ta ba. Ka zagaya tayoyi, har da na ciki a baya waɗanda ba a cika dubawa ba, ka ga ko sun suɗe ko sun tsattsage a gefe. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma hukumar tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare. Ka tambayi safaya da jak da waigi (abin tokare taya) da abin kashe gobara, ka ce a nuna maka su. Direban kirki ba ya jin haushin wannan.

To, sai lodi. A ajiye motar a wuri mai faɗi wanda bai karkace ba, a ja birkin hannu, a sa waigi, a share bodin a shimfiɗa tsohuwar tabarma ko kwalaye. Ku fito da dukkan kayan tsakar gida ko ƙofar gida tukuna, ku gan su gaba ɗaya kafin ku ɗora ko ɗaya, domin wanda yake ɗauka daga ɗaki yana jefawa a mota yakan gane a ƙarshe cewa firiza ta rage kuma babu wurinta sai a sama. Mutum ɗaya ne zai tsaya a cikin bodi yana shirya kaya, shi ne mai magana, sauran miƙo masa za su yi. Idan kowa ya zama mai ba da umarni, lodin ba zai yi kyau ba.

Masu nauyi da masu tsayi su ne farko, a jingina su da bangon gaba wanda ke bayan direba, su manne da shi babu rata. Firji da firiza da wadirob can ne wurinsu, kuma kowannensu a ɗaure shi da jikin mota shi kaɗai kafin a sa wani abu a gabansa. Daga nan buhunan masara da shinkafa a kwance a ƙasa, a raba su dama da hagu daidai, kada a tara su gefe guda. Bayan kun gama wannan sahu, ka sauko ka tsaya a bayan motar daga ɗan nesa ka dube ta. Idan ta karkata gefe ɗaya, ku gyara tun a lokacin. Ka sunkuya ka dubi sifirin ɗin baya, wanda a mota marar kaya yake a lanƙwashe. Idan ka ga ya miƙe sarai, ko bodin ya kusa taɓa taya, to motar ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Haka kuma idan nauyi ya taru a bayan tayoyin baya, gaban motar zai yi sama, sitiyari ya yi sakwaf a hannun direba, birkin gaba kuma ya rage kamawa.

Duk ratar da ta rage tsakanin kaya a cusa mata matasan kai da barguna da buhunan tufafi, saboda kayan da ke da wurin motsi su ne suke fara sassauta igiya. Ku yi ɗauri sahu-sahu, kada ku bari sai an gama a jefa igiya ɗaya a sama a ce an ɗaure. Yaron mota ya san ɗaurin da muke yi, wanda ake yin ɗan zobe a tsakiyar igiya, a zura bakinta a ƙugiya, a maido ta cikin zoben a ja ƙasa har ta ɗame, amma ka tsaya a kansa ka ga ya yi a kowane sahu. Inda igiya ta bi ta kan kusurwar katako ko ƙarfe a sa kwali ninki biyu, don kada ta ci fentin kaya, kada kuma kusurwar ta yanke ta. Igiyar roba ta tsohon tib da 'yan kasuwa ke amfani da ita tana da kyau wajen ƙananan abubuwa, amma ba a dogara da ita a kan firji, domin tana miƙewa.

Game da hanya, bayan kun bar gari kun yi ɗan nisa, ku tsaya a wuri mai fili ku sake ɗame igiyoyi, domin girgizar farko ita ce take zaunar da kaya, igiyar da ta yi tauri a ƙofar gida sai ka same ta ta saki. Kada ku wuce Dindima ba ku yi wannan ba, sannan ku sake dubawa a Alkaleri ko Bara. Wurin da na fi so ka sa ido shi ne gangaren shiga Gombe daga wajen Tumfure. Mota mai kaya ba a sake ta a nan, da ƙaramar giya ake sauka tun daga sama, ba a ɗora ƙafa a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Idan ka ga direba ya fitar da giya ko ya kashe inji wai don ya rage shan mai, ka yi masa magana nan take, ba rashin ladabi ba ne.

Maman 'Yan Biyu, Gombe:

Malam, barka da zuwa garinmu tun kafin ku iso. Baba ya yi bayanin mota, ni zan yi magana a kan kayan ɗaki, domin yawancin ɓarnar da ake yi a ƙaura tun a cikin ɗaki ake shirya ta, kafin kaya su ga mota. Ka bar wa maiɗakinka shirya kayan kicin da na ɗakinta, ka ba ta kwanaki ba daren tashi ba, ka kuma samo mata kwalaye masu ƙarfi daga masu shaguna da salatif mai faɗi.

Tangaran ba a jera su a kwance ɗaya kan ɗaya. Kowane faranti a naɗe shi da tsohuwar jarida ko ɗankwali, a tsayar da su a gefensu cikin kwali, a shimfiɗa zane a ƙasa, a cusa tsumma a duk inda ya rage, sannan a ɗaga kwalin a girgiza shi kusa da kunne. Idan an ji ƙara, to bai shiryu ba, a buɗe a ƙara tsumma. Kofunan gilashi a sa su cikin safa ko a naɗe su, a jera su cikin manyan kuloli da tukwane masu murfi, a ɗaure murfin. Littattafanka kuwa a ƙananan kwalaye za ka zuba su. Babban kwali cike da littattafai gindinsa yake ɓallewa, kuma shi ne yake karya wa yaran mutane baya. A rubuta a jikin kowane kwali abin da ke ciki da ɗakin da za a kai shi, a gefe ba a sama ba, domin idan an ɗora wani a kai ba za a ga rubutun ba.

Wadirob da gadaje, ina ba ka shawara ka kira kafinta ya kwance su. Irin katakon da ake yin kayan ɗaki da shi yanzu, wanda garin katako ne aka matse, ba ya jure girgiza a haɗe, wurin kusoshin yake fara rugujewa, kuma idan ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, babu gyara. Kusoshin kowane gado a zuba su a leda dabam, a manna ledar a jikin allon gadon da salatif. Madubi a cire shi, a naɗe da bargo, a tsayar da shi a gefensa tsakanin katifu biyu. Wannan ne ya sa ban goyi bayan abin da ake yawan yi ba, na ɗora katifa a can saman lodi a ɗaure. A damina ita ce za ta fara shan ruwa idan tampol ya yi yoyo, kuma iska tana shiga ƙarƙashinta tana ɗaga ta. A sa kowace katifa a babbar leda, a tsayar da su a jikin bangon bodi, su zama kariya ga madubi da talabijin da allunan gado.

Jarkar manja a sa leda a bakinta kafin a murɗa murfin, a sa ta cikin babbar roba ko bokiti, a ajiye ta a ƙasa a tsaye, nesa da katifu da tufafi. Haka kananzir idan akwai, kuma shi kada ya kusanci abinci ko kaɗan. Wata maƙwabciyata da suka tare a unguwarmu, galan ɗin kananzir ne ya kwanta a kan buhun shinkafarta a hanya, ba wani mai yawa ya zuba ba, amma buhun nan gaba ɗaya bai ciwu ba, duk wankin da aka yi da shanyawa warin bai fita ba.

Akwai kayan da ba sa shiga bayan mota sam. Takardun makaranta da na aiki da na asibiti, da 'yan kunne da sarƙoƙin maiɗakinka, da kuɗi, da magungunan da wani yake sha kullum, duk su kasance a jakar hannu tare da masu su. Tufafin mata a zuba su a akwati ko jakunkuna masu zif a rufe, domin samarin unguwa ne za su ɗauka, kuma sutura tana da muhimmanci. Ta kuma ware jaka guda ta kwanan farko, mai ɗauke da tabarma da gidan sauro da fitila da buta da tukunya ɗaya da kayan shayin yara, a sa ta a ƙarshe don ta fara sauka. Kafin mota ta tashi ku ƙirga kwalaye da jakunkuna ku rubuta a takarda, a sake ƙirgawa a Pantami kafin a sallami direba. Ba zargin kowa ba ne, yana hana zargi ne daga baya.

Mai Gyaran Firji da Sola, Yelwa:

Malam, ina yi maka fatan alheri. Zan amsa tambayar firji, sannan in ɗan ƙara a kan abin da Baba ya faɗa, tare da girmamawa.

Firji a tsaye ake ɗaukarsa. A cikin kwamfiresa akwai mai, kuma idan aka kwantar da firjin man yana gangarawa cikin bututun da gas ke bi, idan aka kunna shi a haka yana iya toshe bututun ko kwamfiresa ta yi aiki babu isasshen mai. Tsayin da ya fi bangon bodi ba matsala ba ne muddin an jingina shi da bangon gaba, wanda yawanci ya fi na gefe tsayi, an kuma ɗaure shi a wuri biyu, sama da ƙasa. Ku kashe shi da firiza tun kwana ɗaya kafin tafiya, ƙanƙara ta narke, a goge ruwan, a cire farantan gilashin ciki a naɗe su dabam, a ɗaure ƙofar da tsumma. Kada igiya ta bi ta kan bututun da ke bayansa. Idan kun isa, ku bar shi a tsaye na wasu awanni kafin ku jona, idan kuma dole ta sa an karkata shi sosai wajen shiga ƙofa ko an kwantar, ku bar shi har washegari. Talabijin ma a tsaye, domin gilashinsa ba a yi shi don ya ɗauki girgiza a kwance ba.

Dalilin da ya sa ɗauri yake da muhimmanci haka shi ne, ƙa'idojin ɗaure kaya da ake bi a Turai da Amurka sun ginu ne a kan cewa idan aka taka birki da ƙarfi, kaya suna tunkuɗa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, a kwana kuma suna tunkuɗa gefe da rabin nauyinsu. Wato buhun masara mai kilo 100 zai tura abin da ke gabansa da ƙarfin kilo 80. Saboda haka kada wani ya ce maka abu ya yi nauyi ba zai motsa ba. Nauyin da ke danne shi ƙasa shi ne kuma yake tura shi gaba. Gudu kuma yana ninka komai, domin idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita yana ninkuwa sau huɗu. Mota irin wannan da kaya a sama, kilomita 50 zuwa 60 a awa ya ishe ta.

Inda zan ƙara a kan maganar Baba shi ne, idan ka lissafa kayanka za ka ga nauyi ba shi ne babbar damuwarka ba. Masara kilo 400, shinkafa kilo 100, batura biyu irin masu 200Ah kowanne ya kai kilo 60 ko fiye, babur ya haura kilo 100, sauran katako da littattafai da firji, da wuya duka su kai abin da Kanta mai tayoyi biyu-biyu a baya take ɗauka, wanda yawanci yakan kai tan uku, kuma za ka iya duba ainihin adadin a ƙaramin allon ƙarfen da ke jikin motar ko a takardunta. Kayan gida wuri suke cinyewa kafin su kai nauyi, shi ya sa mutane suke ta tulawa sama. Lodi mai tsayi yana sa mota ta riƙa rangaji a kwana, iskar hadari tana kama shi, kuma wayoyin lantarkin da ke cikin unguwanni, musamman waɗanda ake ja zuwa gidaje, sun yi ƙasa sosai. Idan ka ga kaya za su wuce saman kan motar da yawa, ka rage, ka sayar da masarar a nan ko ka aika ta dabam. Kada kuma ka ce za ka ƙara da ƙaramar Hijet ka zuba mata buhunan, domin a Japan inda ake ƙera ta kilo 350 aka ƙayyade mata, buhu huɗu sun wuce haka. Sannan ba dukkan masu nauyi za a cusa a can gaba ba. Dogaye su manne da bangon gaba kamar yadda Baba ya ce, amma buhuna da batura su zauna a tsakiyar bodi, gaba kaɗan da tayoyin baya, don kada tayoyin gaba su ɗauki fiye da rabonsu.

Tukunyar gas a cire mata kai da tiyo, a tabbatar bakinta a rufe yake, a shafa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa, a tsayar da ita a ɗaure a kusurwar baya inda iska ke shiga. Kada a kwantar da ita, kada a binne ta cikin katifu a ƙarƙashin tampol, kada kuma a sa ta a gaba wurin direba. Janareta a juye fetur ɗin da ke tankinsa, a kunna shi ya ƙone ragowar har ya mutu da kansa, a bar shi ya huce, shi ma a tsaye domin man injinsa. Batura a kwance musu wayoyi, a rufe kawunansu da salatif ko roba, domin ƙarfe ɗaya da zai faɗo ya haɗa kawunan biyu ya isa ya tayar da wuta. Su zauna a ƙasa a tsaye, a tokare su kada su faɗi ruwansu ya zuba, kuma a nesanta su da gas da janareta. Farantan sola a tsayar da su a gefensu da kwali a tsakanin kowane biyu, kada a ɗora musu komai, domin suna tsagewa a ciki ido bai gani ba, sai daga baya ka ga wutar da suke bayarwa ta ragu.

Malamin Kwaleji, Fadamar Mada:

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya da Injiniya, Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa ƙannena bayanin, kuma maganar hawa saman kaya ta mutu, za su bi motar haya tare da iyali. Masarar ma na yanke shawarar sayar da buhu biyu. Na je na ga motar, bodinta lafiya lau, amma tampol ɗin direban yana da huji a wurare da dama. Saura tambayoyi kaɗan, Baba. Yaya za a hau da babur a kuma ɗaure shi, ko gara wani ya tuƙa shi zuwa Gombe? Wane lokaci ya fi dacewa mu tashi? Kuma akwai takardun da ya kamata in riƙe saboda shingayen bincike?

Tsohon Direba, Bauchi:

Madalla, Malam, ka yi daidai. Babur a sa shi a mota, ya fi a ba yaro ya bi babbar hanya da shi cikin damina. Ku rage masa fetur ya zama kaɗan, ku rufe makunnin mai. Ku samo katako mai kauri da faɗi ku jingina, ko ku matsar da bayan motar jikin wani tudu ko dakali don hawan ya ragu, mutum biyu a gefe, mutum ɗaya a baya, a tura shi injin a kashe. Kada wani ya ce zai hau da shi da wuta. A tsayar da shi a tsawon mota a jikin bango, a sa shi a giya, a tokare tayar gaba, a ɗaure hannuwansa biyu zuwa ƙugiyar dama da ta hagu, a ja har gaban ya ɗan nutse, sannan a ɗaure baya. Jingina shi a kan ƙafarsa kaɗai ba ya riƙe shi, rami ɗaya zai kayar da shi a kan kayan maiɗakinka. A cire madubansa, a rufa masa tsohon bargo.

Tampol mai huji kada ka dogara da shi. Ka sayi babbar leda mai kauri a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal, a fara rufa ta a kan kaya, sannan tampol a sama. Bakin tampol na gaba shi ne mai muhimmanci, a cusa shi tsakanin kaya da bangon gaba a ɗaure tam, domin idan iska ta samu ƙofa a nan za ta kumbura shi ta yage. A yi shi da tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe, kada ya taru a sama. Duk abin da ya leƙo bayan bodi, kamar ƙarfen gado, a ɗaura masa jan ƙyalle, kuma kada kaya ko tampol su rufe fitilun baya da lambar mota, ko su tare wa direba madubin gefe.

Lokaci kuwa, ku gama shirya komai da daddare, ku fara lodi bayan sallar asuba da sanyin safiya, ku tashi da hantsi. Gabas za ku nufa, wanda ya fita da sassafe rana tana cikin idonsa, hadarin damina kuma ya fi tasowa da yamma. Da tafiyar hankali da tsayawar duba igiya, ku ba hanyar awa uku zuwa huɗu, ku isa wajen azahar ku sauke da sauran rana. Kada ku yarda da tafiyar dare ko da direba ya ce yana da wani lodi gobe.

Takardun mota da lasisi na direba ne, amma ka tambaye shi ko suna da rai kafin ranar. Kai ka riƙe katin shaidarka, da takardar canjin aiki, da takardun babur, da rasit na janareta da batura da talabijin idan suna nan, da jerin kayan da Hajiya ta ce a rubuta. Ka rubuta lambar motar da lambar wayar direba ka bar wa wani a gida, ka kuma ajiye 122 a wayarka, ita ce lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra.

Wajen saukewa, a sa waigi tukuna, kuma kada kowa ya tsaya daf da ƙofar baya lokacin buɗe ta, a tsaya a gefe, domin wani abu yana iya jingina da ita a hanya. A kwance igiya sahu-sahu daga baya zuwa gaba, daga sama zuwa ƙasa, igiyar firji da ta babur su zama na ƙarshe, kuma sai akwai masu riƙe da su. Yara ƙanana a shigar da su cikin gida har a gama. Idan layin gidanku a Pantami matsattse ne ko ruwa ya zaizaye shi, ka sa waɗanda suka riga ku isa su duba inda motar za ta iya tsayawa a daidai, su kira ka kafin ku shigo gari.